Hawan Kalsiyam a Jini: Yadda Ake Gano Dalilinsa da Yadda Ake Sauke Shi

Mutum yana fama da ƙishirwar da ba ta yankewa, fitsari kuma yana tashinsa sau huɗu sau biyar cikin dare. Kowa ya ce ciwon suga ne, aka auna, suga yana daidai. Bayan gida ya yi tauri, aka ce basir ne. Jiki ya mutu, abinci ya fita daga ransa, aka ce taifot ne. A irin wannan hali akwai awo ɗaya da ake yawan mantawa da shi, wato awon kalsiyam na jini.

Jikin babban mutum yana ɗauke da kalsiyam kimanin kilo 1, kuma kashi 99 cikin 100 yana daskare ne a ƙasusuwa da haƙora. Ɗan abin da ya rage yana yawo a jini, da shi zuciya ke bugawa, jijiyoyi ke kai saƙo, tsoka ke motsi. Masu gadinsa wasu 'yan tsokoki ne guda huɗu a wuya, kowace ba ta wuce ƙwayar shinkafa ba, ana kiran su paratairod. Suna manne a bayan tairod, naman nan da idan ya kumbura ake cewa maƙoƙo. Idan kalsiyam ya yi ƙasa sai su saki wani sinadari mai suna PTH, shi kuma ya ciro kalsiyam daga ƙashi, ya hana ƙoda zubar da shi, ya tayar da bitamin D domin hanji ya tsotsi ƙari daga abinci. Idan kalsiyam ya hau, sai su yi shiru. Duk binciken da za a yi a ƙasa a kan wannan shirun ya dogara.

Mataki na farko: a tabbatar hawan na gaske ne

A yawancin ɗakunan gwaji, daidai yana tsakanin 8.5 da 10.5 mg/dL, ko 2.1 da 2.6 mmol/L. A dubi ma'aunin da ke jikin takarda kafin a tayar da hankali. A Nijar da sauran ƙasashen da ke bin tsarin Faransa akan rubuta shi da mg/L, to a nan 85 zuwa 105 ne daidai. Idan ana son juya mg/dL zuwa mmol/L, a raba da 4.

Awo ɗaya bai isa ba. Idan aka ɗaure hannu da roba aka daɗe ana laluben jijiya, ko majiyyacin ya bushe da rashin ruwa, lambar tana iya ɗagawa kaɗan. Idan kuma aka zuba jinin a kwalba mai murfi ruwan malmo, wadda ake awon yawan jini da ita, sinadarin cikinta yana kame kalsiyam, sai a ga lamba ƙasa ƙwarai alhali ba haka ba ne. A sake ɗiba, a kwance robar da wuri, a zuba a kwalbar da ta dace.

Sannan a auna albumin tare. Kusan rabin kalsiyam ɗin jini yana ɗafe ne a jikin wannan furotin, kuma wanda yake sake shi ne ke aiki. Mai sankara, mai tarin fuka, mai ciwon hanta ko wanda ya daɗe yana jinya, albumin ɗinsa yakan yi ƙasa, sai takarda ta ɓoye hawan. Gyaran lissafin shi ne: a cire albumin ɗin majiyyaci daga 4, a ninka da 0.8, a haɗa da kalsiyam ɗin da aka auna. Misali kalsiyam 10.0, albumin 2.0 g/dL. An cire 2 daga 4 saura 2, an ninka da 0.8 ya zama 1.6, jimla 11.6. Takarda ta ce lafiya, lissafi ya ce ya hau. Da ma'aunin mmol/L kuwa, a cire albumin ɗin g/L daga 40, a ninka da 0.02, a haɗa da kalsiyam ɗin da aka auna. Wannan ƙiyasi ne kawai, yakan kauce ga mai ciwon ƙoda da wanda ke kwance rai a hannun Allah. Inda ake iya auna sakakken kalsiyam kai tsaye, shi ya fi.

Mataki na biyu: gaggawa ce ko akwai lokaci?

Ƙasa da 12 mg/dL, wato 3.0 mmol/L, hawa ne mai sauƙi, sau da yawa ma ba alama, a awon wani abu daban ake cin karo da shi. Wannan ana iya bincikensa mutum yana gida. Daga 12 zuwa 14, lamarin ya danganta da saurin hawan. Wanda ya shekara a 12.5 yana iya zuwa kasuwa abinsa, wanda ya kai nan cikin mako guda kuwa sai a same shi yana amai yana sambatu. Sama da 14, wato 3.5 mmol/L, gado ne a asibiti ko da yana cewa lafiyarsa ƙalau. Haka ma duk wanda ya fara ruɗewa, ko barci ya yi masa yawa, ko amai ya hana shi riƙe ruwa, komai lambarsa.

Abin da ke sa lamarin ya rikice da sauri shi ne ƙoda. Yawan kalsiyam yana hana ta riƙe ruwa, sai fitsari ya yi ta zuba. Tashin zuciya kuma ya hana mutum mayar da abin da ya fita. Jini ya ragu, ƙoda ta kasa tace kalsiyam, kalsiyam ya ƙara hawa, fitsari ya ƙara tsananta. Tsoho mai 11.5 da ya kwana biyu yana gudawa a zafin watan Afrilu yana iya wayar gari a 14. Ruɗewar irin wannan tsohon kuwa akan ɗora ta a kan tsufa ko iska, a ɓata kwanaki a gida.

Sauran alamomin sun haɗa da ciwon ƙashi, ciwon ciki, tsakuwar ƙoda mai murɗa kwiɓi, kasala, mantuwa da ɓacin rai ba dalili. A yi awon zuciya na ECG, musamman ga mai shan maganin zuciya na digoxin, domin yawan kalsiyam yana mayar da wannan magani guba.

Mataki na uku: a zazzage jakar magani

Kada a tsaya ga tambaya. A sa 'yan uwa su kawo duk abin da majiyyaci ke sha, na asibiti da na kemis da na ƙarin lafiya da ake tallarsa a waya.

Na gaba-gaba su ne magungunan hawan jini na dangin thiazide: hydrochlorothiazide, bendroflumethiazide, indapamide, chlorthalidone. Sukan ɓuya cikin ƙwaya mai haɗi biyu, irin su Moduretic da waɗanda sunansu ke ƙarewa da H ko HCT. Suna hana ƙoda zubar da kalsiyam. Likita ne zai canza su da wani, a sake awo bayan wasu makonni. Idan bai sauka ba, to maganin ya tona wata cuta ce da ke kwance, galibi ta paratairod. Amlodipine da nifedipine kuwa, duk da ana ambaton kalsiyam a bayaninsu, ba sa ƙara shi a jini, babu dalilin barin su.

Sai bitamin D. Kuskuren da aka fi yi shi ne ƙwaya mai IU 50,000 da aka rubuta a sha sau ɗaya a mako, mutum ya mayar da ita ta kullum, ko a yi ta maimaita allurarsa saboda ciwon gaɓoɓi ba tare da awo ba. Bitamin D a kitse yake taruwa, don haka bayan an daina ma hawan yana iya ɗaukar makonni ko watanni. Akwai kuma ƙwayoyin kalsiyam kansu, da na taunawa na olsa masu calcium carbonate. Idan aka yawaita su sukan haɗa hawan kalsiyam da lalacewar ƙoda. A ƙara da lithium na masu taɓin ƙwaƙwalwa, da bitamin A mai yawa.

Abinci kuwa ba shi da laifi. Nono, kindirmo, miyar kuka da zogale ba sa kawo wannan matsala ga mai lafiyayyen jiki, hanji ya san iyakar abin da zai ɗauka. Mai ciki da aka ba ƙwayar kalsiyam a wurin awo ita ma ta ci gaba da sha yadda aka rubuta mata.

Mataki na huɗu: awon PTH, inda hanya ta rabu biyu

Kusan tara cikin goma na masu wannan matsala, ɗayan biyu ne: ko paratairod, ko sankara. Awon PTH ne ke raba su. Ba kowane ɗakin gwaji ke yin sa ba, sai asibitocin koyarwa da manyan masu zaman kansu, amma kuɗinsa ya fi sauƙi a kan hotunan da za a yi ta ɗauka cikin lalube. A ɗebi jininsa lokaci ɗaya da na kalsiyam, kuma a ɗeba kafin a fara magani idan hali ya yi.

Daidai ɗinsa a yawancin wurare 15 zuwa 65 pg/mL ne. Ga inda ake tuntuɓe: idan kalsiyam ya hau, PTH ya kamata ya faɗi ƙasa warwas. Saboda haka kalsiyam 11.2 da PTH 55 ba lafiya ba ce, ko da lambar tana cikin layi. Masu gadin sun ƙi yin shiru ke nan.

Idan PTH ya hau ko ya ƙi sauka, matsalar a wuya take. Fiye da kashi 80 cikin 100, ɗaya ce daga cikin tsokokin huɗu ta yi ƙari, kuma ƙarin ba sankara ba ne. Ya fi kama matan da suka daina al'ada, yana tafiya a hankali shekara da shekaru, yana zaizaye ƙashi yana tara tsakuwa. Kafin a yi maganar wuƙa, a tara fitsarin awa 24 a auna kalsiyam da kiriyatinin ɗin ciki, wato dattin da ƙoda ke tacewa wanda da shi ake gane ƙarfin aikinta. Akwai wani hali na gado da ake kira FHH, inda kalsiyam ke ɗan hawa tun haihuwa amma fitsari ba ya fitar da shi. Ba ya cutarwa, tiyata kuma ba ta gyara shi. Idan lissafin fitar kalsiyam da kiriyatinin ya gaza 0.01, a auna iyaye da 'yan uwa tukuna. Mai daɗaɗɗen ciwon ƙoda, musamman wanda ake yi wa wankin ƙoda, shi ma tsokokin nasa huɗu suna iya kumbura su ƙi jin magana.

Idan PTH ya faɗi, ƙasa da 20, to wuya ba shi da laifi, a nemi dalili a wani wuri, kuma a fara da sankara. Hanyoyinta uku ne. Wasu ƙarin, kamar na huhu, ƙoda, mafitsara, mama, baki da maƙogwaro, suna sakin wani sinadari mai kwaikwayon PTH. Wasu suna shiga ƙashi su ci shi, kamar sankarar mama da sankarar ɓargo da ake kira myeloma. Sankarar kaluluwa kuma tana tayar da bitamin D. Hawan sankara yakan zo da sauri, da lamba babba, da rama. A laluba mama da kaluluwa, a ɗauki hoton ƙirji, a yi sikanin ciki. Dattijo mai ciwon baya, ƙarancin jini da raunin ƙoda, a yi masa awon rarrabe furotin na jini domin myeloma, kada a sallame shi da diclofenac, wanda zai ƙarasa ƙodar.

A ƙasashenmu kada a manta da tarin fuka. Ƙwayoyin garkuwar jiki da ke kewaye cutar suna tayar da bitamin D ba tare da birki ba. Mai tari, zazzaɓin dare da rama, a kai kakinsa gwajin GeneXpert. Cutar sarcoidosis, wata cutar kumburi da ta fi kama huhu, ita ma haka take yi, kuma a hoton ƙirji tana kama da tarin fuka. Ragowar dalilan kaɗan ne: tairod mai aiki fiye da kima, gazawar adrenal, wato 'yan tsokokin da ke saman ƙoda, da doguwar kwanciya ba motsi, musamman matashin da ya karye ko ya shanye.

Mataki na biyar: sauke shi a asibiti

Wannan aikin ma'aikatan lafiya ne a ɗakin da ake iya awon jini kullum. Ba a jiran sakamakon PTH kafin a fara.

Ruwa ne farko, kuma ruwan gishiri na normal saline 0.9. Kada a rataya Ringer's lactate, akwai kalsiyam a cikinsa. Ga babba mai lafiyayyar zuciya, ana farawa da mililita 200 zuwa 300 a awa, wato leda mai 500 kusan duk awa biyu. Da robar ƙarin ruwa mai ɗigo 20 a mililita, 250 a awa ya kama ɗigo 83 a minti. A duba jikin ledar robar, domin wasu ɗigo 15 ne. Abin da ake nema shi ne fitsari ya kai mililita 100 zuwa 150 a awa, don haka dole a riƙa auna shi ana rubutawa. Tsoho, mai ciwon zuciya da mai raunin ƙoda, a rage gudu, a riƙa sauraron huhu, a duba kumburin ƙafa da numfashi. Potassium da magnesium sukan bi fitsari su zube, a auna su a mayar.

Furosemide, maganin sa fitsari wanda aka fi sani da Lasix, nan ne ake yawan ɓarna. A da akan haɗa shi da ruwa tun farko. Idan aka ba wanda ya bushe, ƙara busar da shi zai yi, kalsiyam ya ƙara hawa. Wurinsa ɗaya ne: bayan jiki ya cika, ruwa ya fara yawa.

Ruwa yana rage lambar amma da wuya ya dawo da ita daidai, tunda ƙashi yana ci gaba da zuba. Sai a toshe can. Calcitonin shi ne mai sauri, IU 4 ga kowane kilo a ƙarƙashin fata duk awa 12, mai kilo 60 zai samu 240 ke nan. Yana fara aiki cikin awa 4 zuwa 6, ya rage 1 zuwa 2 mg/dL, amma bayan kamar awa 48 jiki ya saba da shi, ci gaba asarar kuɗi ce. Gada ce kawai kafin babban magani ya kama.

Babban maganin shi ne zoledronic acid, 4 mg ta jijiya cikin abin da bai gaza minti 15 ba, ko pamidronate 60 zuwa 90 mg cikin awa 2 zuwa 4 ko fiye. Ana ba da shi tun ranar farko bayan ruwa ya shiga, domin sai ya kwana 2 zuwa 4 kafin a ga aikinsa, ya kai ƙarshen ƙarfinsa wajen kwana 4 zuwa 7. Kada a ga shiru washegari a maimaita. A jira aƙalla mako guda. A duba kiriyatinin kafin a saka, domin yana taɓa ƙoda, balle idan aka tura shi da sauri. Zazzaɓi da ciwon jiki na kwana ɗaya zuwa biyu bayansa abu ne sananne, a gaya wa 'yan uwa tun da wuri kada su ce allurar ce ba ta karɓe shi ba. Ba a ba mai ciki. Wanda za a riƙa yi wa duk wata kuma a duba haƙoransa, saboda ruɓewar ƙashin muƙamuƙi da kan biyo bayan cire haƙori.

Idan ƙoda ta yi rauni sosai, ko zoledronic acid ya gaza, akwai denosumab a ƙarƙashin fata, 120 mg ga masu sankara, akan rage ga mai ciwon ƙoda. Haɗarinsa shi ne ya sauke kalsiyam ya wuce ƙasa, musamman ga mai ƙarancin bitamin D.

Prednisolone 20 zuwa 40 mg a rana yana aiki ne kawai inda bitamin D ne silar: yawan shan sa, sarcoidosis, sankarar kaluluwa, tarin fuka. Yakan nuna cikin kwana 2 zuwa 5. Ga matsalar paratairod ba ya komai. Ba da shi ga mai tarin fuka ba tare da maganin tarin ba kuwa hura wa cutar wuta ne. Wankin ƙoda shi ne na ƙarshe, ga wanda ya kai 18 zuwa 20 hankalinsa ya gushe, ko wanda ƙoda ko zuciyarsa ba za ta ɗauki ruwa ba.

Mataki na shida: maganin tushen

Ga mai sankara, gaskiyar da ya kamata iyali su ji ita ce hawan kalsiyam yakan nuna cutar ta yi nisa, kuma zai dawo cikin 'yan makonni idan ba a taɓa ƙarin ba. Duk da haka sauke shi yana da amfani: hankali ya dawo, amai ya tsaya, mutum ya gane 'ya'yansa.

Matsalar paratairod kuwa tiyata ce ke warkar da ita, kuma a hannun likitan da ya saba, kusan 95 cikin 100 suna rabuwa da ita. Duk mai alama ya cancanta. Wanda ba ya jin komai ma ana ba shi shawarar yi idan shekarunsa ba su kai 50 ba, ko kalsiyam ya zarce iyaka da fiye da 1 mg/dL, ko tacewar ƙoda ta eGFR ta gaza 60, ko akwai tsakuwa, ko kalsiyam ɗin fitsari ya wuce 250 mg a rana ga mace, 300 ga namiji, ko awon ƙarfin ƙashi na DEXA ya nuna −2.5 zuwa ƙasa, ko ƙashin baya ya burma. Sikanin wuya da hoton sestamibi ba su ne ke tabbatar da cutar ba, jini ne ke tabbatarwa. Su jagora ne ga mai wuƙa, kuma rashin ganin komai a cikinsu ba ya hana tiyata. Wanda jikinsa ba zai ɗauki tiyata ba ana iya ba shi cinacalcet, a fara da 30 mg sau biyu a rana. Yana sauke kalsiyam amma ba ya ƙarfafa ƙashi.

Wanda aka bari ana sa masa ido, a auna kalsiyam da ƙoda duk shekara, ƙarfin ƙashi duk shekara 1 zuwa 2. Ya riƙa shan ruwa lita 2 zuwa 3 a rana, kamar ledar fiya wata 4 zuwa 6, ya ƙara a bazara, sai fa idan likitan zuciya ko na ƙoda ya iyakance masa. Ya riƙa tafiya, kwanciya tana zubar da ƙashi. Kada ya ƙaurace wa nono da ganye, domin hana jiki kalsiyam yana ƙara tunzura PTH. Kafin azumi ya je a auna shi ya ji ta bakin likitansa, tunda wunin da ba ruwa a tsananin zafi shi ne ainihin abin da ke tayar da lambar. Ranar da amai ko gudawa suka kama shi kuma, asibiti zai nufa a ranar.

Bayan tiyata, kwanakin farko ne abin lura. Ƙasusuwan da suka daɗe ana ɗibarsu sukan shiga zuƙe kalsiyam daga jini da haɗama, sai ya faɗi ƙasa, galibi tsakanin kwana na 2 da na 4. Alamarsa jin tsira-tsira ko dindiris a leɓɓa da yatsu, sannan hannu ya fara ƙandarewa. Wanda ya ji haka ya koma a auna shi nan take. Maganin ƙwayar kalsiyam ce da calcitriol, wato bitamin D da aka riga aka tayar, mai tsanani kuma a ba shi calcium gluconate ta jijiya a hankali. Dashewar murya ta 'yan kwanaki tana faruwa, saboda jijiyar murya ta bi ta gefen wurin, amma idan ta wuce makonni a duba maƙogwaro. Kumburin wuya mai saurin girma da toshewar numfashi a awannin farko jini ne ke taruwa a ƙarƙashin ɗinki, a kira likitan tiyata a lokacin. Sai kuma awon kalsiyam a wata na 6, wanda shi ne ke nuna ko an ciro tsokar da ta dace.